Ku Tambayi Anti: Wai na yi girma da karanta nobel ɗin matasa?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Shekarata 28, na gama karatu har ina aiki, amma har yau littattafan da ake rubutawa don matasa su nake jin daɗi, irin na duniyar ƙage masu tsafi da dodanni, da kuma waɗanda za a kashe wani a makaranta a yi ta neman wanda ya aikata. Wata ƙawata ta ce min wai karatun yara ne wannan, tun daga ranar nake ɓoye bangon littafin in ina cikin mutane. Da gaske na wuce su? Daga wata ƙanwarki.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Fito da littafinki ki karanta a gaban kowa, ba ki wuce komai ba. Wannan sunan na "littafin matasa" masu buga littattafai ne suka sa shi don su san inda za su jera kayansu, galibi suna nufin masu shekara 12 zuwa 18, kuma abin da ya fi sa littafi ya shiga wannan rukunin shi ne shekarun jarumin labarin, ba wai an hana wanda ya haura ya taɓa ba. Kin san Harry Potter, jerin littattafan nan bakwai na labarin wani yaro mai koyon tsafi, na farkonsa ya fito 1997 na bakwai kuma 2007, to saboda yawan manyan da ke karanta shi sai da kamfanin da ya buga shi a Ingila ya fitar da shi da wani bango daban na manya, labarin ciki ko harafi ba a canza ba. Kinga kenan irin kunyar da kike ji an daɗe da saninta, kuma a bango kawai take.

Ni abin da ke riƙe ni a irin waɗannan labaran shi ne komai karon farko yake faruwa ga jarumin, karon farko da aka ci amanarsa, karon farko da ya gane babba ma yana ƙarya, karon farko da zai zaɓa tsakanin ceton kansa da ceton abokinsa kuma babu wanda zai yanke masa, wannan abin ko kina da shekara 50 sai ya taɓa ki don kin taɓa tsayawa a wurin. Sannan marubutansu sun san mai karatunsu ba shi da haƙuri, in suka ja shi da surutu zai ajiye ya ɗau waya, shi ya sa babi gajere ne kuma labari ba ya zama wuri ɗaya.

Inda zan yarda da ƙawarki kaɗan shi ne akwai marasa kyau a cikinsu, da yawa ma. Ga yadda nake gane su. A labarin tsafi ki duba ko tsafin yana da doka kuma yana da abin da ake biya, in jaruma ta yi amfani da ƙarfinta me take rasawa, lafiyarta ce, ko tunaninta, ko wani nata? In kuwa duk sanda ta shiga tsaka mai wuya sai wani sabon ƙarfi ya faɗo mata daga sama wanda ba a taɓa ambata ba, to marubucin ya yi miki ha'inci, kuma za ki ji tsoron da kike ji mata ya mutu, don kin san ba abin da zai same ta. Haka na kisa da bincike, dole a ce alamar mai laifin tana nan tun farko an binne ta a cikin wata magana da kika wuce ba ki lura ba. Ki gwada, in kin gama ki koma ki sake karanta babi uku na farko, in kika ga alamar tana kallonki tun a can to kin samu gwani, wallahi wannan karatun na biyu wani lokaci ya fi na farkon daɗi.

Tambaya: Anti ni matsalata da zarar na fara nobel na duniyar ƙage sai sunayen garuruwa da sarakuna da ƙabilu su cika min kai, ban kai babi na huɗu nake ajiyewa. Ya zan yi? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana kar ka haddace komai, ba jarrabawa za ka zauna ba. Ka riƙe sunan jarumin da abin da yake nema da wanda ya tare masa hanya, sauran in suna da amfani za su yi ta dawowa har su zauna maka da kansu. Taswirar da ake sawa a farkon littafi ma ka bar ta sai ka ɓata hanya. Ka ba shi kamar shafi 50, in bai kama ka ba ka sauya wani, kuma ka fara da labari mai ƙarewa a littafi ɗaya kafin ka shiga masu kashi uku ko biyar.

Tambaya: Anti 'yata shekararta 11, ta nace sai na nemo mata The Hunger Games don ƙawayenta sun karanta. Ya dace da ita? Daga wata uwa.

Amsa: 'Yar'uwa gara da kika tambaya kafin ki saya. Littafin Suzanne Collins ne na 2008, labarin wata gwamnatin zalunci da ke tara yara 24 masu shekara 12 zuwa 18 duk shekara, ta sa su yaƙi juna har sai ɗaya ya rage ana nunawa a talabijin. An rubuta shi ne don a ƙyamaci zaluncin, amma kisan yara yana ciki ƙarara, kuma a ganina 11 ta yi ƙanƙanta sai dai ke kika fi kowa sanin zuciyar 'yarki. Ki fara karanta shi ke da kanki, ba ya cin kwanaki. In kin ga bai yi ba kar ki ce mata a'a kawai ki yi shiru, ki nemo mata wani wanda jaruminsa sa'anta ne, ki ce wancan yana nan ajiye sai ta ƙara shekara biyu, ranar kuma ku karanta tare kuna hira a kan kowane babi.