An soke kamfaninmu daga rajista, in buɗe sabo da sunansa?

Tambaya: Barista, na je banki aka ce an rufe asusun kamfaninmu, wai an soke shi daga rajista saboda mun daɗe ba mu miƙa rahoton shekara-shekara ba. Akwai kuɗi a asusun, akwai fili da sunan kamfanin. Wani ejan ya ce zai yi mini sabuwar rajista da suna iri ɗaya, shi ke nan. Wallahi ko barci ba na iya yi.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, ana dawo da kamfanin da aka soke. Amma ka rabu da ejan nan.

Kusan kullum sai an shigo ofishina da wannan magana, kuma tana ƙona mini rai. Suna ba shi ne kamfani ba. A idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, lambar rajistarsa ce shaidarsa. Sabon da za a buɗe maka wani mutum ne daban, ko da harafi ɗaya bai bambanta ba. Takwara ba ya cin gado. Manajan banki zai ɗora sabuwar takardarka kusa da tsohuwa, ya ga lamba ta saɓa, ya mayar maka da abarka. Filin ma haka, sa hannunka a madadin sabon kamfani ba zai sayar da shi ba. A Ingila, dukiyar kamfanin da aka rushe hannun Masarauta take komawa har sai an dawo da shi. Kuma in sabon ya riƙe sunan, tsohon na iya rasa shi ranar da ya dawo. Ejan ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kai ka ƙulla wa kanka matsala biyu. Kada kuma a ce maka sokewa ta wanke bashi: mai bin bashi ma yana da ikon neman kotu ta dawo da kamfanin.

Hanyar ita ce ka cike duk rahotannin da suka taru, ka biya tara, ka nemi a maido da shi ta hukumar rajista ko ta kotu, gwargwadon dokar ƙasarku. In an amince, ana ɗauka tamkar ba a taɓa soke shi ba.

Akwai wa'adi fa. Dokar kamfanoni ta Ingila ta 2006 shekara 6 ta bayar, ta Indiya ta 2013 kuwa har 20 a sashe na 252. Nemo ranar da aka buga sanarwar sokewar, ka kai wa lauya cikin makon nan tare da tsohuwar takardar rajista da takardar filin.