Mashin ɗin wani zai faɗi: amsar tambayar Nasiru

Nasiru, jiya bayan la'asar ka yi mini tambaya ina tsugune gaban inji, hannuna duk baƙin mai, na ce ka bari sai na natsu. Ga amsar. Na rubuta ta ne don sauran yaran gareji su ma su gani, domin ba kai kaɗai abin zai samu ba.

Ka ce da na aike ka Tsohuwar Kasuwa sayen fulogi da wayar kuloci, ka tarar da wani mashin Boxer an ɗaure masa buhun masara a kariya, an kafe shi bakin kwata inda ruwan dare ya jiƙa ƙasa. Sitan ɗin, wato ƙarfen da ake kafe mashin da shi, yana nutsewa kaɗan-kaɗan, mai shi ba ya kusa. Ka tsaya, ka miƙa hannu, ka janye, ka yi tafiyarka, kuma har yanzu abin na cin ranka. Ka ce, "Maigida, da na taɓa ko da na bari?"

Da ka taɓa, ɗana. Amma da bakinka ya riga hannunka.

Bari in fara da ƙarfen kansa, don shi ne sana'armu. Mashin da aka kafe da sitan na gefe a kan ƙafa 3 yake tsaye: tayar gaba, tayar baya, da ɗan bakin ƙarfen nan da bai wuce faɗin babban yatsanka ba. Duk nauyin da ya karkato hagu a kan wannan ɗan bakin yake sauka. Boxer shi kaɗai ya haura kilo 100, ka ɗora masa buhun masara kuma ka kusan ninka shi. A kan siminti ba komai. A kan yashi, ko laka ta damina, ko kwaltar da rana ta dafa a watan Afrilu lokacin da zafin Gusau ke kaiwa digiri 40, bakin sitan shiga yake kamar ƙusa. Yana shiga mashin na ƙara kwantawa, yana ƙara kwantawa nauyin na ƙara taruwa a kansa. Shi ya sa za ka ga ya yi minti 10 kamar ba ya motsi, sannan cikin ƙiftawar ido ya tafi gaba ɗaya.

Wannan faɗuwar hagu ce, kowa ya san ta. Akwai ta dama, wadda yara da yawa ba sa lura da ita, kuma ita ta fi yaudara. Idan kaya ya yi nauyi ya danne bayan mashin, ko tayar baya ta sace, jikin mashin yakan sauko ƙasa, sitan ɗin kuwa tsayinsa na nan yadda yake, sai ya tokare shi ya miƙe tsaye cak. Mai wucewa zai ce ai wannan ya tsaya da kyau. Ina! Iska mai ƙarfi, ko akuya ta goga jikinta, ko yaro ya jingina, sai ya kife ta dama, inda babu abin da zai tare shi. Saboda haka kafin ka yi komai, ka tsaya daga baya ka dubi inda yake son zuwa. Na sha ganin mai son taimako ya ɗauko katon dutse ya cusa ƙarƙashin sitan, ya ɗaga shi fiye da kima, mashin ya tsallake ya faɗi ɗaya gefen. Garin neman gira an rasa ido. Abin da ake sawa mai faɗi ne, marar kauri: guntun katako, gwangwanin madara da aka take, tsohon silifas, marfin bokitin fenti. Ba ɗaga shi kake son yi ba, faɗaɗa masa wurin takawa kake yi.

Sai gangara. Mashin da aka kafe kansa na kallon ƙasa, kuma a firi yake, zai mirgina gaba kaɗan, sitan ya naɗe kansa ya koma baya, shi ke nan. Shi ya sa kullum nake muku faɗa a gareji: a gangara kai ya kalli tudu, kuma a bar shi cikin giya.

To, yanzu ga mutane, nan ne maganar ta fi nauyi.

Ina da shekara 17, ina koyo a hannun maigidana, Allah Ya jiƙansa, muka je Talata Mafara ranar kasuwa. Na ga wani Jincheng ya karkace cikin yashi daidai irin yadda ka ba ni labari. Zuciyata fari tas, ban ce wa kowa komai ba, na kama kansa na ɗaga sitan na fara tura shi zuwa wani dandali mai tauri, taku 5 ko 6 kacal. Ban kai ba na ji an ce "Ɓarawo!" Har yau ina jin muryar nan a kunnena. Kafin in juya an riƙe mini wuyan riga ta baya, wani ya ɗauko icen rumfa. Ina ta cewa faɗuwa zai yi, faɗuwa zai yi, babu mai saurare, don abin da idonsu ya gani shi ne yaron da ba a sani ba yana tura mashin da ba nasa ba. Wani mai shayi ne ya ratso taron ya ce ya san ni, yaron wane ne bakanike, kuma yana kallona tun farko. Ba don shi ba, ban san ko da wa kake wannan magana yau ba. Maigidana bai dake ni ba ranar. Da muka kama hanya abin da ya ce mini kawai shi ne, "Niyyarka a cikinka take, ba a goshinka ba."

Wancan lokacin ma ke nan, da sauƙi. Kai ka san yadda mashin ya zama a Zamfara yau. Da shi manomi ke kai hatsi kasuwa, da shi ɗan kabu-kabu ke ciyar da gidansa, da shi ake kai mai naƙuda asibiti, kuma da shi 'yan bindiga ke shiga ƙauyuka. Kana da wayo a 2021 lokacin da aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana hawa mashin da dare. Sabon Boxer kuwa yanzu ya haura naira miliyan 1, wasu ma bashi ne a kansu suna biya kullum. Mutumin da ya hango baƙo riƙe da kan mashin ɗinsa ba zai tsaya tambaya ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. Tsoron da ya sa ka janye hannu jiya tsoro ne na hankali, ba ragwanta ba. Kuskurenka ɗaya: ka ɗauka zaɓi biyu gare ka, ka taɓa shiru ko ka tafi shiru.

Da ka ɗaga murya. "Salamu alaikum, jama'a, ina mai Boxer ɗin nan? Zai faɗi!" A kasuwa da wuya ka faɗi haka sau biyu ba a samu wanda ya ce ga shi can rumfar wane ba. Mai rake ya san shi, mai faci ya ga shigarsa, 'yan kabu-kabun da ke bakin hanya sun san mashinan junansu kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. In mai shi ya fito, aikinka ya ƙare, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In bai fito ba, ka riga ka samu shaidu, duk wanda ya ji ka ya san abin da ya kai ka wurin. Sai ka dubi babba a cikinsu ka ce, "Baba, don Allah a kama mini mu sa masa katako." Hannun mutum biyu a kan mashin ɗin wani taimako ne. Hannun mutum ɗaya a ɓoye, ko da niyyar alheri, kamar sata yake a ido.

Yadda za ka riƙe shi kuwa, ka tsaya ta hagu, gefen da yake kwantawa. Ka kama kan da hannun hagu, kariya da hannun dama, ka tokare shi da cinyarka wajen sit, ka ɗago shi ɗan kaɗan, iyakar yadda bakin sitan zai fito daga ramin da ya yi. Wancan ya tura katakon, ka sauke a hankali, ka girgiza shi kaɗan ka ji ya zauna, ka ɗauke hannunka. Iyakarta ke nan. Kada ka hau kansa. Kada ka taɓa makulli ko da ka ga an manta shi a jiki, sai dai ka nuna wa mutanen wurin. Kada ka ce za ka ɗora shi kan dabul sitan, wato na tsakiya mai ƙafa biyu, da kaya a bayansa, nan ne mutane ke kayar da abin da suka zo ceto. Kuma, wannan shi ne darasin da na saya da wuyan rigata, kada ka matsar da shi daga inda mai shi ya ajiye shi, ko taku ɗaya. In ka gama kana da hali ka ɗan jira, in ba ka da shi ka bar saƙo wajen mai rumfar kusa: in ya zo a ce masa ƙasar na cin sitan, an sa masa katako.

In kuma ka iso ya riga ya tafi, ya wuce rabi, kada ka sa bayanka ka ce za ka tare. Madubi da hannun kuloci ana sayensu a kasuwa, ƙashin baya ba a sayar da shi. Abin da za ka fizge shi ne yaron da ke kusa. Wannan ne ma ya sa ba na yarda da masu cewa ina ruwanka. Ka dubi wa ke zama gindin mashinan da ake jerawa ƙofar masallacin Juma'a ko bakin kasuwa: almajirai masu neman inuwa, 'yan talla da farantansu, yaran da ke wasa da madubi. Kuma a jere suke ƙugu da ƙugu, ɗaya ya faɗi sai ya kwashi na kusa da shi, na kusa ya kwashi na gaba. Salansa mai zafi in ta kwanta a ƙafar yaro, tabon har tsufansa.

Wanda ya riga ya kwanta ƙasa, fetur za ka fara dubawa. Yakan zubo ta kafireta da ta marfin tanki. Ka rufe makunnin mai da ke ƙasan tanki, ka ce wa mai taba ya matsa, in akwai mai tuyar ƙosai ko mai tsire kusa a yi hankali da wutar. Sannan ku ɗaga shi ku biyu ko uku, a kwance kayan tukuna in da nauyi, a kiyayi salansa. In mai shi ya zo a gaya masa gaskiya cewa ya faɗi, kada a miƙar da shi a yi shiru. Yana bukatar ya duba birkinsa da kulocinsa kafin ya hau titi, ya kuma ba shi 'yan mintoci man ya koma mazauninsa kafin ya buga.

Akwai wanda ba za ka taɓa ba ko kusa. Mashin da ba lamba, an yar da shi a lungu ko bayan gari, ba wanda ya san mai shi, ko an lulluɓe kayan da ke kansa, ko dare ne ba kowa a wurin: wannan ka bar shi ya faɗi. Ka gaya wa shugabannin kasuwa ko mai unguwa, su suka san wanda za su kira. Haka in kusa da shingen jami'an tsaro ne, su za ka nuna wa, hannunka a sake.

Na taɓa kai irin wannan tambaya gaban malaminmu na zaure. Ya ce a fiƙihun Malikiyya, wanda ya ga dukiyar wani za ta halaka, yana da ikon tsamo ta ba tare da ya cutu ba, ya ƙi, ba a ɗauke shi marar ruwa ba, malamai sun yi maganar lamuni a kansa. Ya kuma tuna mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Amma ka lura da sharaɗin, ba tare da ya cutu ba. Addini bai ce ka jefa kanka hannun taron da ba ya tambaya ba, shi ya sa na ce ka fara da sallama da kiran mai shi.

A cikin gareji kuwa babu ma wannan tambayar. Duk mashin da aka kawo mana amana ce, kuma malamin nan ya ce mai sana'a shi ke lamunce abin da aka bar masa. In ya faɗi a hannunmu, tankin ya loɓa, mu za mu biya, ba mai shi ba. Don haka in ka ga na abokin aikinka ya karkace, ba sai ka nemi izini ba.

Abu na ƙarshe da nake so ka riƙa yi, tunda kai ɗan sana'a ne ba mai wucewa kawai ba: duk mashin da ya shigo, ko fulogi kawai aka zo canzawa, ka kai hannu ka girgiza sitan ɗinsa. Ramin da ƙusar ke ciki yakan buɗe da tsufa har ya riƙa lilo, sifirin yakan saki, bakin kuma yakan cinye ya yi tsini saboda jan ƙasa. Mafi yawan masu shi ba su sani ba sai ranar da ya kayar musu da kaya. Ka gaya wa mutum, kada ka matsa masa, kuma kada ka sa kuɗi a kan faɗar. In ya yarda, a ɗaure ƙusar, a canza sifirin, a kai wa mai walda ya liƙa ɗan faffaɗan ƙarfe a bakin.

Akwai Daylong ɗin nan da aka bari tun shekaranjiya, sitan ɗinsa duk ciwon nan uku yana da su. Gobe ka zo da wuri, kafin rana ta yi zafi. Za mu fitar da shi kan yashin bayan gareji, mu ɗora masa buhu, ka gani da idonka yadda yake nutsewa, sannan ka gwada ɗago shi ina tura maka katakon.