Amsa ga ƙaninmu na Aboabo kan ɗaukar fetur a bayan Kia

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce wani ya ba ka aikin kai masa durom huɗu na fetur daga nan Kumasi zuwa wani ƙauye wajen Ejura, kana tambaya ko doka ta yarda, kuma me za ka kiyaye. Na daɗe ina jan tanka, ina lodi a dafon Kaase, kafin ciwon baya ya sauke ni, to bari in faɗa maka abin da na sani.

Harkar jigila da sayar da mai a Ghana tana hannun NPA ne, hukumar kula da man fetur da aka kafa a 2005. Jigilar mai don kasuwanci sai da lasisinta. Tankar da kake gani a hanya ba haka kawai ta fito ba: an auna cikinta, an rufe bakinta da hatimi, direba yana da lasisin babbar mota daga DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi, da takardar lodi mai nuna inda aka ɗauko da inda za a sauke. Lambar da ke jikinta ma da ma'ana, 1203 fetur ne, 1202 dizal, don ƴan kwana-kwana su san abin da suka tarar. Kia ɗinka ba ta da ko ɗaya. Saboda haka fara tambayar mai kayan: man nan na injinsa ne ko na sayarwa? In na sayarwa ne kuma ba shi da takarda, ranar da ƴan sanda suka tare ku kai ne a kan sitiyari, shi yana gida. Ka kuma tambayi masu inshorarka ko takardarka ta rufe irin wannan kaya.

Amma ni ba takarda ce ke tsorata ni ba, tururin fetur ne. Ruwan ba shi ke fara kamawa ba. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya gangara kwata, ya tafi can nesa inda mai waake ta hura kurfoti, sai wutar ta biyo shi ta dawo wa motar. Dizal yana da haƙuri, sai ya yi zafi sosai. Fetur kuwa ko da sanyin asubahin hunturu a shirye yake. Shi ya sa kafin mu buɗe bawul a gidan mai sai mun kashe inji, mun maƙala wayar nan mai kai lantarki ƙasa, domin gogayyar mai a cikin tiyo kaɗai tana iya haifar da tartsatsi.

In har za ka ɗauka, durom na ƙarfe mai marfi da roba lafiyayye, a tsaye, a ɗaure da bel yadda ko ka taka birki ba zai motsa ba. Kada a cika shi har baki, rana tana kumbura mai. Galan ɗin Kufuor, wato jarkar roba mai launin rawaya, da aka toshe bakinsa da leda, wannan kam a'a. Kada ka rufe kayan ruf da tamfol tururi ya taru, kada ka haɗa da tukunyar gas ko batir, kuma kada ka ɗauki fasinja ko da surukarka ce. Yaron mota mai shan taba ka bar shi gida ran nan. Abin kashe gobara ya zama na hoda, kusa da hannunka. Ruwa yaɗa wutar fetur yake yi. A Circle da ke Accra, daren 3 ga Yuni 2015, man da ke yawo a kan ambaliya ne ya kama, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙan su.

Idan mota ta faɗi ko ta fara yoyo, aikinka na farko korar jama'a ne, sannan ka kira 112. A Appiatse, Janairun 2022, motar nakiya ce ta kama bayan karo da babur, mutane suka matso kallo kafin ta fashe.

Sai dawowa. Durom ɗin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururi da iska ne maƙil a ciki. Ɗaure marfinsa kamar yadda ka tafi da shi, kuma kada ka yarda mai walda a Suame ya sa masa wuta wai za a yanka a yi randar ruwa.