Maigari ya yarda, sai na sake neman yardar kowace mace?

Tambaya: Ɗaliba ce ni a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ina bincike kan dukan da ake yi wa mata a gidan aure a ƙauyukan Madarumfa. Maigari ya ba ni izini, magidanta ma ba su hana ba. Wannan bai isa ba?

Amsa: Bai isa ba, malama. Izinin maigari na shiga gari ne kawai. Maganar da ke cikin mace tata ce, ita za ta ce a ji ko kada a ji.

Ki same ta ita kaɗai, ba miji, ba kishiya, ba uwar miji, har yaron da ya iya magana a sallame shi. Ki faɗa mata da Hausar gida ko ke wace ce, abin da za ki tambaya, tsawon zaman, da wanda zai ga amsoshinta. Ki ce tana iya ƙi, ko ta tsallake tambaya, ko ta tashi a tsakiya, ba abin da za ta rasa. Ki bayyana cewa ba rabon tallafi kika kawo ba, domin da yawa suna amsawa da zaton za a rubuta sunansu.

A nan ake yawan kuskure: a wurinmu "to" ba kullum take nufin yarda ba. Kunya da kara suna hana mace ta ce wa baƙuwa a'a. Don haka ki roƙe ta ta maimaita miki abin da ta fahimta da bakinta. In ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ki ɗauka ta ƙi, ki yi godiya ki tafi.

Dangwala yatsa a takarda yana tsorata wasu, kuma takardar na iya faɗawa hannun miji. Ki nemi kwamitin da ke duba bincikenki ya amince da yardar baka. Naɗar murya a waya kuwa izininta daban.

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kan irin wannan aiki: a gaban jama'a a kira shi binciken lafiyar mata, a tambayi mace ɗaya tak a gida, a kuma tanadi tambayoyin yau da kullum da za a koma kansu in wani ya shigo. Ita matar dai sai ta san ainihin batun kafin ku fara. Kada ki fita sai kin san asibiti ko ofishin da za ki nuna mata in ta nemi taimako.