Amsa ga Hajiya kan maganar bayan gida

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Hajiya na ji saƙonki tun ɗazu, kin ce sai bayan kwana biyu kike zagayawa bayan gida, kuma an ce miki wai mai lafiya dole kullum ya je, har kina shirin fara shan maganin wankin ciki. Don Allah dakata tukuna.

Abin da likitoci suke ɗauka daidai shi ne daga sau 3 a rana har sau 3 a sati, kin ga ai tazarar da faɗi, wani yana gama karyawa da safe cikinsa zai motsa, wani sai jibi, kuma duk lafiyarsu ƙalau. Ni abin da nake so ki duba shi ne yadda kika saba. In dama can haka kike, kuma in kin shiga yana fitowa da laushi babu nishi babu zafi, kin fito kin ji cikinki ya sauka, to alhamdulillahi ki kwantar da hankalinki.

Kuma ki riƙa dubawa kafin ki kora ruwa, na san abin ƙyama ne amma wallahi yana faɗa wa mutum abubuwa da yawa. Akwai jadawalin da wani likita Ken Heaton na jami'ar Bristol a Ingila suka fitar a 1997, sun raba shi gida 7, na 1 shi ne ƙananan dunƙule masu tauri kamar na awaki, na 7 ruwa ne zalla, na 3 da na 4 dogo mai laushi su ake so. Dalilin taurin kuwa babban hanji aikinsa tsotse ruwa, duk daɗewar da abu ya yi a ciki ƙara bushewa yake, shi ya sa masu riƙewa saboda aiki ko kunya suke shan wahala. In ya matsa ki tashi ki je, ki sha ruwa sosai, ki yawaita ganye da 'ya'yan itatuwa, ki riƙa ɗan tattaki, kuma a daina shiga banɗaki da waya ana zaman minti ashirin, wannan zaman da nishin su ke taso da basir.

Inda ba na so a yi wasa shi ne canji. Wanda kullum yake zuwa sai ya koma sai bayan kwana huɗu, ko gudawa ta ƙi tsayawa, abin ya wuce sati 3, ko ana ganin jini, ko mutum yana ramewa babu dalili, wannan asibiti ne kai tsaye, musamman in shekaru sun ja. Jinin nan kar a yi saurin cewa basir ne kawai, kansar hanji ma haka take nunawa, in an gano ta da wuri kuma ana warkewa. Baƙi ƙirin kamar kwalta mai mugun wari yana iya zama jini ne daga ciki, wannan ranar za a je, duk da maganin ƙarin jini shi ma yana sa shi baƙi. In kuma ya yi fari-fari ga ido ya yi rawaya, a duba hanta.

Hajiya ki turo min ta gefe, tun yaushe kike haka, kuma akwai maganin da kike sha yanzu?