Tambaya da Amsa: In Bar PIC da ATmega In Koma Sababbin Cip?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai haɗa inbata da sitabilaiza ne a Sabon Garin Zariya, wani lokaci kuma nakan yi wa masu kiwon kaji injin ƙyanƙyasar ƙwai. Tun da na koyi aiki, PIC16F877A da ATmega328P nake sa wa kayana. Yanzu sun yi tsada, ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke zuwa shagona haɗa furojet ba su da zance sai ESP32 da STM32 da wani abu wai RISC-V. Me ke faruwa ne a kasuwar nan? In tsaya a kan abin da na sani ko in canza?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ga masu karatu da ba su saba da harkar ba, PIC da ATmega da ESP32 da STM32 duk maikirokantirola ne. Maikirokantirola ƙaramar kwamfuta ce cikakkiya a cikin cip ɗaya, ita ke ba inbata umarnin lokacin da zai ɗauki wuta da lokacin da zai saki.

Tsadar da kake gani abu biyu ne suka haɗu a kanta. Na farko ƙarancin cip da ya addabi duniya daga ƙarshen 2020 har cikin 2022. Korona ta rufe masana'antu, mutane suka zauna gida suna sayen kayan lantarki, kamfanonin mota suka dawo da oda a lokaci guda, sannan a watan Maris na 2021 gobara ta tashi a masana'antar Renesas da ke Naka a Japan. A lokacin wanda ya ba da odar wasu nau'o'in STM32 sai a ce ya jira kusan shekara. Wannan ya wuce. Har ma abin ya juye: masu saye sun tara kaya fiye da buƙata saboda tsoro, ciniki ya faɗi a 2024, Microchip mai yin PIC ɗinka ya sanar a Disambar shekarar cewa zai rufe masana'antarsa ta Tempe a Amurka. Na biyu kuwa namu ne na gida. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta kai wajen 1,500 a 2024. Cip ɗin da aka sayo da dala, ya sauka Legas, ya biyo mota zuwa Kano ko Kaduna kafin ya iso gare ka, ba zai koma tsohon kuɗinsa ba ko da farashi ya sauka a can.

Amma akwai canjin da ya fi wannan zurfi, kuma shi nake so ka kula da shi sosai. A da, cip mai bit 8 (yawan bayanin da yake sarrafawa a lokaci guda ke nan), irin PIC da ATmega naka, shi ne na talaka, mai bit 32 na manyan ayyuka. Yanzu wannan lissafi ya rushe. Dubi ATmega328P: a kan Arduino Uno, allon koyo da gwaji na kamfanin Arduino, yana gudu a megahaz 16 (ma'aunin saurin cip ke nan), ma'ajiyar aikinsa kilobait 2. A Janairun 2021 Raspberry Pi na Ingila ya fitar da RP2040, ƙwaƙwalwa biyu, megahaz 133, kilobait 264, kuma allon Pico gaba ɗayansa dala 4. A 2022 kamfanin WCH na Sin ya kawo CH32V003, bit 32, megahaz 48, a kan kusan santi 10 na dala idan an saya da yawa. Manyan ba su zauna ba. A 2023 STMicroelectronics ya fito da STM32C0, Texas Instruments ya fito da MSPM0, mafi araha a cikinsu ƙasa da rabin dala idan an saya da yawa, kuma ba su ɓoye ba cewa masu amfani da bit 8 irinka suke zawarci. Arduino da kansa, da ya zo fitar da Uno R4 a 2023, ya ajiye ATmega ya ɗauki RA4M1 na Renesas.

RISC-V da ɗaliban ke faɗa tsarin gina ƙwaƙwalwar cip ne da aka fara a Jami'ar Kalifoniya ta Bakili a 2010, kuma kowa na iya ɗauka ba tare da biyan lasisi ba. Yawancin masu bit 32 kuwa, ciki har da STM32, tsarin kamfanin Arm suke haya. Shi ya sa kamfanonin Sin suka rungumi RISC-V: Espressif ya sa shi a ESP32-C3 da ESP32-C6, WCH ma haka. RP2350 da ya fito a Agustan 2024 yana ɗauke da duka biyun, mai aiki ya zaɓa. Su kuma tsofaffin gidajen sun daɗe da haɗiye juna. NXP ya haɗe da Freescale a 2015, Microchip ya sayi Atmel a 2016 (wato PIC da ATmega naka gida ɗaya suke yanzu), Infineon ya sayi Cypress a 2020. Hankalinsu ya fi karkata ga motoci da masana'antu, inda ribar take.

To, shawarata. Inbatan da ka riga ka gwada, yana gidajen mutane a Tudun Wada da Samaru yana aiki lafiya, kada ka taɓa shi. Microchip ya yi suna wajen ci gaba da buga tsofaffin cip muddin ana saye, kuma PIC yana da abin da ya dace da mu: yana aiki da bolt 5, yana zuwa da manyan ƙafafu masu shiga soket, idan ya ƙone yaron shago ma zai zare ya sa wani. ESP32 da RP2040 bolt 3.3 suke so, ka ba ƙafarsu 5 kai tsaye ka yi asara, kuma yawancin sababbin nan kwanciya suke a kan allo da ƙananan ƙafafu, sai da injin iska mai zafi da hannun da ba ya rawa. Duk wanda ya san yadda wutarmu ke hawa da sauka, da ƙurar hunturu a Zariya, ya san sauƙin gyara ba ƙaramin abu ba ne.

Sabon aiki kuwa, kada ka sake fara shi da cip mai bait 368 na ma'ajiyar aiki kamar 877A. Injin ƙyanƙyasar nan naka shi ne wurin farawa. Sa masa ESP32, wanda ke iya haɗuwa da waya ta Wi-Fi, mai kaji ya riƙa ganin zafi da laima a wayarsa, a kuma yi masa gargaɗi idan wuta ta ɗauke cikin dare. Wannan abu ne da zai biya kuɗi a kansa, domin asarar kiret goma na ƙwai ta fi kuɗin allon nesa ba kusa ba. Ɗaliban da ke zuwa wurinka ka riƙe su da kyau: su nuna maka rubuta manhajar, kai ka nuna musu yadda ake kare allo daga wutar NEPA, abin da ba kasafai ake samu a aji ba.

Abu biyu za ka kiyaye. Kada farashin intanet ya ruɗe ka. Cip mai santi 10 da ba za ka same shi karo na biyu ba idan kwastoma ya dawo da gyara, ya fi mai tsada tsada. Tambayi mai kawo maka kaya abin da yake iya kawowa kowane wata kafin ka zana allo. Sannan jabu. GD32 na GigaDevice da APM32 na Geehy kaya ne na halak masu sunansu, suna kama da STM32F103 amma ba daidai suke ba ta kowace fuska. Matsalar ita ce 'yan damfara da ke goge suna su buga na STMicroelectronics a kai, musamman a shuɗin allon STM32F103 mai araha. Sayi biyu ka gwada da manhajarka ta gaske kafin ka sayi hamsin.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Samaru. Na ji an sayar da Arduino. Shin abin da muke koya zai zama banza?

AMSA: 'Yata, kwantar da hankalinki. Gaskiya ne a Oktoban 2025 Qualcomm na Amurka ya sanar da sayen Arduino, aka kuma fito da Uno Q, mai ɗauke da cip na Qualcomm da ke tafiyar da Linux tare da STM32 a gefensa. Amma zanen tsohon Uno a buɗe yake tun asali, shi ya sa yawancin allunan da kuke saya a nan ba daga Italiya suka fito ba, kamfanonin Sin ne suka buga. Manhajar Arduino da kika iya kuma tana aiki da ESP32 da Pico da STM32. Abin da zan ƙara miki shi ne ki koyi yaren C sosai, ki saba karanta takardar bayanin cip da kanki, ki kuma gwada furojet ɗinki na gaba a kan alluna biyu na kamfanoni daban kafin ki kai wa malaminki.