Darakta a ƙaramin kamfani, ko jiran kujerar manaja a babba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki da ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ba da shawara a Abuja, shekarata ta biyar ke nan. Ogana ya ce idan na ci gaba a haka, baɗi za a ba ni manaja. Sai ga wani ƙaramin kamfani mai ma'aikata 12, wanda ke tantance ayyukan ƙungiyoyin agaji, ya ce in zo ya ba ni darakta, albashin ma ya ɗan ɗara nawa. Iyalina suna Zariya. Sai in yi sati uku ban leƙa gida ba, ranar da na je kuma kwamfuta na kan cinyata har dare. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abubuwa uku ka haɗa a tambaya ɗaya: suna, ƙarin girma, da lokacin iyali. A cikinsu wanda ya fi ɗaukar ido shi ne mafi ƙarancin nauyi, don haka bari mu fara sallamar sa.

A wannan sana'ar sunan muƙami ba shi da ma'auni ɗaya. Ɗauki McKinsey da BCG, manyan kamfanonin ba da shawara na duniya. A McKinsey, wanda ake kira Associate galibi ya riga ya yi digiri na biyu ko ya daɗe yana aiki. A BCG kuwa, sunan nan ɗaya shi ake ba yaron da ya fito daga jami'a jiya. Idan manyan kamfanoni biyu da ke gogayya da juna ba su daidaita a kan suna ɗaya ba, ina ga kamfanin da mai shi ne ke raba muƙamai da bakinsa? Ƙaramin kamfani yakan ba da babban suna ne don arha gare shi, kuma yana ƙawata takardar neman kwangila. Duk wanda zai ɗauke ka aiki nan gaba ya san haka. Abin da zai tambaye ka shi ne mutum nawa ka jagoranta, aikin nawa ne ya bi ta hannunka, kuma wa kwastoma ke kira idan abu ya lalace. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai maganar manajan da aka yi maka alkawari, kuma nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Mutane da yawa suna zaton idan an hau sama ana samun sarari. A aikin ba da shawara, kujerar manaja na cikin waɗanda suka fi cin lokaci. A yanzu aikinka ne kawai a wuyanka. Ranar da ka zama manaja, rahoton da yaranka suka kawo ƙarfe tara na dare da kuskure a lissafi kai za ka zauna ka gyara, oga na sama yana jiran sa da asuba, kwastoma kuma lambarka ce a wayarsa. Daga nan zuwa sama aikin yana sauya kama gaba ɗaya: a daina auna ka da kyan rahotonka, a koma auna ka da kwangilar da ka jawo wa kamfani. Akwai hazikan da suka ƙware a nazari amma ba sa son zaman neman kasuwa da yawan ganawa da manya. Idan kana cikinsu, gara ka sani tun yanzu.

Ka kuma tuna yawancin manyan kamfanonin nan suna bin wata al'ada da McKinsey ya aro daga kamfanonin lauyoyin Amurka zamanin tsohon shugabansa Marvin Bower: ko dai ka hau cikin ƙayyadadden lokaci, ko a nuna maka ƙofa cikin mutunci. Wani wurin ana tsanantawa, wani wurin ana sassautawa, amma ma'anarsa ita ce da wuya ka ce "ni nan ya ishe ni" ka zauna a mataki ɗaya shekara goma. Sannan "baɗi" a bakin oga ba takarda ba ce. Ka tambaye shi kai tsaye: kujeru nawa za a buɗe, su wa ke zama su yanke, me ya rage maka ka nuna?

Maganar gida kuwa ba ƙorafin rago ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Ka lissafa awanninka na watan jiya da gaskiya, har da na cikin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da kake amsa saƙonni.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne gwajin da Farfesa Leslie Perlow ta jami'ar Harvard ta yi da ma'aikatan BCG a Boston. An ware wa kowa dare ɗaya a mako wanda aka sani tun da wuri, daga ƙarfe shida na yamma ba waya ba saƙo, abokan aikinsa su riƙe masa. Aiki bai lalace ba, ma'aikatan suka ce ma sun fi fahimtar juna, har kamfanin ya faɗaɗa tsarin. Darasin a wurina shi ne ba yawan awannin kaɗai ke wahalar da iyali ba, rashin tabbas ne. Matar da ta san maigida zai iso Juma'a bayan la'asar, kuma ya iso, ta fi kwanciyar hankali a kan wadda ake ce wa "sai yadda hali ya yi". Wata mai bincike, Erin Reid, ta gano a 2015 a wani babban kamfanin ba da shawara cewa wasu maza suna rage awanninsu a ɓoye, ta hanyar zaɓar kwastomomi na kusa da rufa wa juna asiri, kuma ana ba su maki mai kyau, alhali waɗanda suka fito fili suka nemi sassauci, galibi mata, aka rage musu. Ba ina ce maka ka yi yaudara ba. Ina nuna maka ne cewa wane aiki aka sa ka da wane oga ka faɗa hannunsa sun fi sunan kamfani tasiri a kan barcinka.

Kafin ka amsa wa ƙaramin kamfanin, ka duba takardar da kyau. Ma'aikaci za su ɗauke ka, ko ɗan kwangilar da za a cire wa haraji a miƙa masa saura? Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikaci, ma'aikaci kuma kashi 8, amma wajabcin ya fi fitowa fili a kamfanin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama, su kuwa 12 ne. Idan ba fansho ba inshorar lafiya, ƙarin albashin nan zai iya narkewa. Ka tambayi kwangila nawa ke hannunsu kuma yaushe za su ƙare, domin kamfanin da ya dogara da mai ba da tallafi ɗaya yana iya wayar gari ba aiki. A wurin mutum 12 kuma, darakta shi ne mai rubuta neman kwangila, shi ne mai zuwa Maiduguri tattara bayanai, wani lokaci har da bin bashi.

Da ni ne, sunan darakta kaɗai ba zai tayar da ni ba ana saura shekara guda in zama manaja a wurin da kowa ya san ma'auninsa. Zan je wa ogana da buƙata ƙarama mai iyaka: fita Juma'a da azahar sau biyu a wata, da aiki na gaba a Kaduna ko Kano idan akwai. Abu ɗaya ne zai sa in canza ra'ayi: idan ƙaramin kamfanin ya yarda ya rubuta a takarda cewa za ka riƙa aiki daga Zariya wasu kwanaki a mako, kuma ka ga da idonka yana da kwangilar da za ta kai shekara biyu. In sun ce "ai wannan ba matsala, za mu fahimci juna", ka ce su sa a takarda tukuna.